Keke Mai Giya A Cikin Kwali: Karanta Wannan Kafin Ka Fasa Asusunka

Wata goma sha ɗaya ƙanena ya kwashe yana tarin kuɗin keke. Yana aji biyu na babbar sakandare, makarantarsu kuwa tafiyar minti arba'in ce a ƙasa, ga shi ya gaji da shan bulalar makara. Barka da sallar da ya samu, da ɗan abin da kawunmu ke ba shi in ya taya shi tsaron shago ranar Asabar, da rarar kuɗin tara, duk a asusun katako yake zura su. Ran da aka fasa asusun kuɗin bai kai ba, Baba ya cika masa. Da hantsi suka nufi kasuwa shi da abokinsa, kafin azahar sai ga su a A Daidaita Sahu da ƙaton kwali, an zana hoton keke a jikinsa yana tsalle a kan dutse.

Mai shagon ya ce masa in zai ƙara ɗan wani abu, yaransa za su haɗa masa keken. Ya ce a'a, ai aikin noti da sifana ne kawai. Bayan la'asar suka baje kaya a tsakar gida, kafin a kira magariba keke ya tsaya da ƙafafunsa, ja da baƙi, sai sheƙi yake yi. Yaran unguwa suka cika mana ƙofar gida.

Kwana biyu ya je makaranta lafiya. A rana ta uku ya gangaro daga wata kwalbati, ya miƙe tsaye zai taka da ƙarfi, sai fedar hagu ta fita fit daga mazauninta. Ya karkace, ya murɗa kan keken don ya gyara, yatsun ƙafarsa ta dama suka bugi tayar gaba, sai ga shi a ƙasa. Gwiwa ta ƙuje, tafin hannu ya ƙuje, wandon makaranta ya yage. Allah Ya tsare, motar yashin da ke bayansa tana da ɗan nisa.

Muka kai keken wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke zama a gindin darbejiya. Kallo ɗaya ya yi masa ya fashe da dariya. Abu biyu ya nuna mana. Fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, a juye yake, gabansa yana kallon baya. Fedar hagu kuma an murɗa ta da ƙarfin tsiya ta hanyar da ba tata ba, har haƙoran ramin suka cinye. Duk biyun aikin ƙanena da abokinsa ne. Na zauna a bencin dattijon nan har ya gama gyara ina ta tambaya, na kuma ci gaba da bin zancen bayan nan.

Daga ina ya fito?

Wannan keken da muke kira mai giya, wasu su ce keken hawan dutse, yaro ne in an kwatanta shi da Raleigh da Phoenix na kakanninmu. A shekarun 1970 ne wasu samari a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa tono tsofaffin kekuna masu kaurin taya na shekarun 1930 da 1940, suna kai su kan Dutsen Tamalpais su gangaro a guje. A 1976 suka fara wani tsere da suka sa wa suna Repack. Birki ne ya jawo sunan. Birkin waɗannan kekuna a cikin cibiyar ƙafar baya yake, kuma saboda tsananin gangarar yakan yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an kwance shi an sake cusa masa sabo, abin da kalmar ke nufi ke nan a Turance. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera bodin keke musamman don wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, keken da aka ƙera da yawa don kasuwa, kuma a 1996 tseren keken dutse ya shiga gasar Olamfik da aka yi a Atlanta.

Yawancinmu ba dutse za mu hau ba, sai fa wanda ke kusa da Shere a Jos ko Kufena a Zariya yake son gwada ƙwanjinsa. Amma hanyar makarantar ɗalibi da yawa ba ta fi hanyar dutse daɗi ba: burji, yashi, ramuka, da zaizayar da damina ke bari. Taya mai faɗi da giya mai sauƙin takawa sun dace da irin wannan hanya. Matsalar ita ce, da keken ya yi farin jini sai kasuwa ta cika da masu kama da shi a ido kawai, kyan ɗan maciji.

A shago

Abin da ya fi ɗaukar idon yaro shi ne shokazoba. Keke mai ƙatuwar sifirin a tsakiyar bodinsa da wata a gaba, in ka danna shi ya yi sama ya yi ƙasa kamar babur, sai ka ji lallai wannan shi ne keke. Ra'ayina shi ne ka wuce shi. Shokazoba ta gaskiya tana da mai a cikinta da ke hana ta tsalle barkatai, kuma ita kaɗai kuɗinta kan fi na keke mai araha gaba ɗayansa. Wadda ke jikin mai araha zallar sifirin ce. Duk takawar da ka yi, wani ɓangare na ƙarfinka yana tafiya ne wurin lotsa ta maimakon tura ka gaba. Ga nauyi: irin waɗannan kekuna kan kai kilo 18 ko fiye, alhali mai sandararren baya kan tsaya wajen kilo 14 ko 15. Ga kuma mahaɗar da ke tsakiyar bodin, wadda bayan 'yan watanni takan fara girgiɗi, kuma da wuya a samu kayan gyaranta. In kuɗinka kaɗan ne, nemi wanda bayansa sandararre ne. Ko gaban ma in babu shokazoba, ba ka yi asarar komai ba. Kuɗin da kamfani bai kashe a sifirin ba, sau da yawa yana komawa ne kan birki da ƙafafu.

Yawan giya ma kada ya ruɗe ka. In an ce keke yana da giya 21, ma'anarsa faifan haƙora 3 a gaba, 7 a baya, uku sau bakwai. Da yawa cikinsu kusan ɗaya suke a ƙafa, kuma a hanyar makaranta da ƙyar za ka yi amfani da fiye da shida. Abin dubawa shi ne ko giyar tana shiga ba gardama. Sunan da za ka fi ji a bakin masu sayarwa shi ne Shimano, wani kamfanin Japan da aka kafa a 1921, wanda kayansa na ƙaramin farashi ake kira Tourney. Sai dai sitikar Shimano a jikin bodi ba ta nufin komai, kowa zai iya manna ta. Durƙusa ka duba jikin ƙarfen da ke canja giyar a ƙafar baya, a nan sunan gaskiya yake.

Ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar sifika ne. In ya kama bodin, ƙarfe ne. In bai kama ba, alminiyom ne. Ƙarfe ya fi nauyi kuma yana tsatsa, amma duk mai walda na bakin titi zai iya ɗinke shi in ya tsage. Alminiyom ba ya da nauyi, amma in ya tsage sai mai walda na musamman, kuma ko an yi ba a cika amincewa da shi ba. Kowanne da amfaninsa. Mayen ƙarfen dai zai hana a sayar maka da ƙarfe a farashin alminiyom. Gwada shi kuma a jikin gargaren: in birkin roba ne a keken, gargaren alminiyom ya fi na ƙarfe kama birki idan ya jiƙe da ruwan sama.

Sai girma. Iyayenmu suna da al'adar sayen yunifom da takalmi da ɗan yalwa don yaro ya girma a ciki. Wannan dabarar ba ta aiki a keke. Tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a samu tazarar aƙalla yatsu uku tsakaninka da sandar sama. In babu, ran da ka dira ba shiri za ka gane dalili. Sirdi ana ɗaga shi in ka ƙara tsawo, bodi kuwa ba a rage shi.

Girman ƙafafun keken dutse iri uku ne aka fi sani: inci 26, da 27.5, da 29. Kafin ka biya, zagaya wurin masu sayar da kayan keke na garinku ka tambayi wace taya da wane tib suke da shi. Keken da sai an aika wani gari kafin a samo masa taya zai yi ta kwana a zaure. A gefen kowace taya akwai lamba, misali 50-559. Lambar ƙarshen ita ce faɗin gargaren a milimita: 559 na inci 26 ne, 584 na 27.5, 622 na 29. Rubuta taka a bayan littafinka.

Akwai kuma na hannu, wanda aka hau a Turai ko wani wuri aka kawo. Sau da yawa tsohon keke na kirki ya fi sabo na banza, kuma kuɗinsu ba ya da nisa da juna. Sai dai yana son ido. Duba duk inda aka yi walda, musamman wuyan keken, ko akwai tsaga. In ka ga fenti ya tattare a bayan wuyan, keken ya taɓa yin karo. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta ka ga ko tana rawa. Kwance sirdi ka tabbatar sandarsa tana motsi, don in tsatsa ta kama ta a ciki, wahala ce babba. Haƙoran da kaca ke bi kuma in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, sun gama aiki. Sabo ne ko tsoho, karɓi rasiti, ka kifa keken ka kwafi lambar da aka buga a ƙarƙashin bodin, daidai inda fedoji suka haɗu. Wanda ya tare ka a lungu da keke mai kyau a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, bar shi da abinsa, kada a zo har aji a kira sunanka.

Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a keken. A kowace naira goma, bar ɗaya ko biyu don kwaɗo da sarƙa, famfo, fitila, hular kwano, da ladan mai gyara.

An buɗe kwali

Keken cikin kwali yawancinsa a haɗe yake zuwa. Abin da ake bar maka shi ne ƙafar gaba, kan keke, sirdi da fedoji. Ba su da yawa, amma kowannensu in ya saki kana tafe, ƙasa za ka sha. Kayan aikin su ne alanki mai lamba 4 da 5 da 6, sifana mai lamba 15, filaya, sukundireba, ɗan giris da famfo. Buɗe kwalin a gaban mai shago in da hali, don a ga abin da ya lanƙwashe ko ya ɓata tun kafin ka bar wurin. Wajen yanke robobin da aka ɗaure kayan da su, kada reza ta kusanci taya ko wayar birki.

Fara da sirdi. Shafa wa sandarsa giris kaɗan, ka zura. A jikin sandar akwai wani layi da aka zana. Dole layin ya shige cikin bodi ya ɓace. In ka bar shi a waje don kana son tsawo, sandar na iya karyewa ko ta tsaga bodin.

Yanzu fok, inda ƙanena ya faɗi. Don keken ya shiga kwali, kamfani kan juya fok ɗin ko wuyan da ke riƙe da kan keke zuwa baya. Wanda bai sani ba sai ya ɗaura kan a yadda ya tarar. Ga yadda ake ganewa. Bakin da ƙafar gaba ke shiga ya kamata ya ɗan fita gaba, ba ya koma wajen bodi ba. In birkin roba ne, a gaban fok yake zama. In birkin faifai ne, faifan yana hagu, wato ɓangaren da babu kaca. Idan fok ya juya, tayar gaba takan matso kusa da feda har yatsunka su riƙa taɓa ta a kwana, keken ya riƙa fizge-fizge, kuma in ka kama birkin gaba ya fi saurin jefa ka ta kansa.

Wajen ɗaure kan keke, in kusoshi huɗu ne a fuskar wuyan, kada ka ɗaure ɗaya tamau sannan ka koma na gaba. Bi su kaɗan-kaɗan a gicciye, na sama a dama sai na ƙasa a hagu, har su yi daidai. Duba wayoyin birki da na giya kada su naɗe wuyan. In ka gama, matse tayar gaba a tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan da ƙarfi. In ya juya ya bar tayar a tsaye, bai ɗauru ba.

Tayar gaba takan zo da kibiya a gefenta mai nuna inda za ta riƙa juyawa. In noti ne ke riƙe da ƙafar, ɗaure dama da hagu daidai. In kuwa ɗan hannu ne da ake lanƙwasawa, ba murɗa shi ake yi har ya tsaya ba. Ana daidaita notin ɗaya gefen ne, sannan a danne hannun ya rufe, kuma ya kamata ya yi taurin da zai bar shaida a tafin hannunka.

Sai fedoji. A ƙarshen ƙarfen kowacce an buga harafi: R ta dama, ɓangaren kaca, L ta hagu. Ta dama ana ɗaure ta kamar kowane noti, yadda hannun agogo ke tafiya. Ta hagu akasin haka ake murɗa ta. Da gangan aka yi: yadda nauyin ƙafa ke zagaya ƙarfen fedar a kowace takawa zai riƙa kwance ta hagun a hankali da haƙoranta irin na dama ne. Hanyar tunawa mai sauƙi ita ce, in sifana tana tsaye a sama, kowace feda wajen tayar gaba ake tura ta don ta ɗauru. Shafa giris, ka fara da yatsu. In ba ta shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu ba, tsaya, akwai abin da ba daidai ba. Ƙanena da abokinsa da ta ƙi shiga sai suka zura wa sifanar bututun ƙarfe don ƙarin ƙarfi. Ƙarfen feda ya fi hannun da take shiga tauri, don haka hannun ne ya cinye, sai da aka sayi wani.

Birki da giya

Kafin ka hau, gano wane hannu ne ke kama wace ƙafa. Babu tsari ɗaya a duniya. Kekunan Ingila hannun dama ne birkin gaba, kamar babur. Na Amurka da yawancin Turai kuwa hagu ne gaba. Kasuwarmu tana karɓar kowanne, don haka keken abokinka na iya saɓa wa naka. Wanda ya damƙi birkin gaba shi kaɗai a gangara yana zaton na baya ne, ya san sauran labarin.

Robar birki gargare za ta kama, kada ta taɓa taya, don tana iya yanka gefenta. In ka matse hannun birki har ya taɓa mariƙin, wayar ta yi sako-sako, a ja ta. Birkin faifai kuma ba ya shiri da mai ko kaɗan, ko maiƙon yatsa ba a so a kansa. Sabo ba ya kamawa sosai sai ka yi ta kama shi a hankali sau da dama a fili inda babu mota.

Giya kam shawarata ka bar wa mai gyara. A jikin abin canja giyar baya akwai ƙananan kusoshi biyu masu alamar H da L, su ke tsayar da kaca kada ta wuce iyaka. In na L bai daidaita ba, kaca na iya faɗawa cikin siraran ƙarafan da ke riƙe da gargare kana cikin gudu, ƙafar baya ta ƙulle nan take. Dattijon nan cikin minti goma ya daidaita ta ƙanena, yana juya feda da hannu ɗaya yana saurare da kunne. Ko kai ka haɗa kekenka da kanka, tura shi a ƙasa zuwa wurin mai gyara ya bi kowane noti kafin hawan farko. Ladansa bai kai kuɗin sabon wando ba, balle na asibiti.

Tsawon sirdi kuwa, zauna ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa; ƙafarka ta miƙe sak. Iska kuma an rubuta iyakarta a gefen taya. In za ka sha iska wurin mai faci, gaya masa ya bi a hankali, don injinsa na mota da babur ne, tib ɗin keke kuwa ba ya ɗaukar wasa.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gabar kaca. Kada ka yi mata wanka da baƙin mai, yashi zai manne ya riƙa cin ta kamar sanfefa. Ɗiga kaɗan, juya feda, ka goge na waje da tsumma. Ka guji gefen hanya inda tsidau ke yaɗuwa, ƙayarsa ba ta raga wa taya. Mai jallabiya ko doguwar riga ko wando mai faɗin ƙafa, a tattare ɓangaren dama kada kaca ta kama. Giya kuma ana canja ta ne ana takawa a hankali, ba a tsaye ba, ba kuma lokacin da ake danna feda da ƙarfi a tudu ba.

Sabbin wayoyin birki da na giya sukan ɗan saki bayan mako biyu ko uku, notuna ma sukan zauna. Dattijon ya ce wa ƙanena ya dawo da keken bayan sati biyu, ya kuwa koma. Aka ja wayar birkin baya, aka ƙara ɗaure fedoji, aka miƙe ƙafar gaba da ta ɗan fara rawa. Yanzu zango na biyu ke nan yana zuwa makaranta a kansa, minti goma sha biyu yake yi a hanya. Hannun fedar da ya cinye yana nan a kan tagar ɗakinsu, ya hana a ba 'yan gwangwan.